Ƙwai a Kabarin Malam Khalilu

Malam Khalilu ya cika da hantsi, wata Talata a farkon damina, gero bai wuce idon sawu ba. Kafin kukan mata ya gama zaga unguwa an riga an auna shi da kara, an miƙa wa samari karan, sun saɓi diga da shebur sun nufi maƙabarta. Babban ɗansa Mati ya bi bayansu. Dattawa sun ce ya zauna a ƙofar gida ya karɓi gaisuwa, ya ce su yi masa haƙuri, zama ba zai yiwu masa ba, gara hannunsa ya sami abin yi.

Tsohuwar maƙabartar Tudun Marke ta cika tun bara. A wannan yanki namu da gona ke manne da gona, har wurin turke akuya sai an yi shawara, matattu ma sai da aka yi musu roƙon fili. Da ƙyar dagaci ya samo wani yanki a gangare, gefen wani tsohon kwari da ko kakanni ba su taɓa ganin ruwa ya kwanta a cikinsa ba. Aka kewaye shi da shingen aguwa, aka yi addu'a, aka koma ana jiran wanda zai fara kwanciya. Ashe Malam Khalilu ne.

To, mutanen Tudun Marke, Allah ya shirye mu baki ɗaya, ba sa zuwa jana'iza don sallah kaɗai, har da karatun rami suke yi. In ƙasa ta yi laushi a ce ai dama mutumin kirki ne. In diga ta ci karo da dutse sai a yi tsit a kalli juna. Akwai wani mai awon hatsi da aka ce an ga maciji a raminsa tun ba a gina dam ɗin Watari ba, har yau jikokinsa in sun yi cacar baki da wani, da wannan ake fara goranta musu. Liman ya yi wa'azi har muryarsa ta dushe cewa wannan ba addini ba ne. Kowa ya ce gaskiya ne Malam, kowa kuma ya ci gaba da leƙa rami.

Mati ya san abin da ya hana shi zama. Ubansa mutum ne na sahun gaba, baƙo bai taɓa kwana da yunwa a zaurensa ba, amma yana da hali ɗaya: bai iya ganin iyakar gona ya ƙyale ta ba. Gonarsu ta kan tudu ta haɗa iyaka da ta gidan wani dattijo mai suna Ɗanliti, layin gamba ne a tsakani. Duk shekara in an zo huɗa sai garmar Malam Khalilu ta ɗan karkace ta ciji gindin gambar. Rani na yi a ce gamba ta mutu, a dasa wata, ɗan gaba kaɗan. Ba a taɓa yin abin da za a kai ƙara a kansa ba. Amma kututturen kalgon da Mati ya sani a kan iyaka yana yaro, yanzu can cikin geronsu yake, sai an kewaye shi da garma. Ɗanliti mutum ne mai sanyi, ya taɓa yin magana aka yi masa fuskar shanu, daga nan bai ƙara ba.

Mati bai taɓa buɗe baki ba. Wa zai dubi idon Malam Khalilu ya ce masa ya ci iyaka? Sai dai ya sha zama a masallaci ya ji Liman na cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani, ita za a rataya masa a wuya har ƙasa ta bakwai. Sai ya saci kallon uban ya gan shi yana jan carbi hankali kwance, shi kuwa ya kawar da kai. Tsoron da ya yi shekaru yana haɗiyewa ke nan, yau kuma ba sauran wata damina da za a ce a gyara.

Samarin suka buɗe babban ramin har ya kai ƙugu. Da aka zo na ciki, siririn da ake kwantar da gawa, wanda mutum ɗaya kaɗai ke iya aiki a cikinsa, Mati ya ce su bar masa. Suka watse, waɗansu saran itacen rufi, waɗansu yankan ganye. Abokinsa Abba ya ɗauki jarkoki ya tafi ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa. Ya rage shi kaɗai.

Da farko jar ƙasa ce mai danshi, tana tashi ba gardama, har ya ji sanyi a ransa. Can sai launi ya sake. Ya tarar da wata farar ƙasa mai tauri kamar ƙanzo, da ɓaraguzan katantanwa a cikinta. Bai damu ba. Ya matsa wajen kai, ya juya bangon gabas, daidai inda fuskar mamaci ke kallo, ya kai sara don ya daidaita shi. Wani dunƙule ya ɓalle ya faɗo tsakanin ƙafafunsa ya dare, waɗansu abubuwa suka gangaro.

Ƙwai ne. Ya so ya ce tsakuwa ce, amma tsakuwa ba ta zuwa kai ɗaya. Kowanne ya kai gujiya, ɗan dogo kaɗan, fari mai ruwan toka, sumul, a cure wuri guda yadda uwa ke ajiye abinta. Ya ɗaga ido ya dubi bangon, ga sauran nan jere a cikin farar ƙasar, rabi a waje rabi a ciki.

Mati manomi ne, ya san ƙwan ƙadangare, a yashi yake kusa da sama, kuma laushi gare shi. Ya taɓa ganin na maciji a gindin rumbu. Ya durƙusa yana lalube da yatsa, yana neman ramin da uwar ta bi ta shigo. Ya duba sama, ya duba gefe, ya kankare bangon da farce. Babu ko kafar tururuwa. Ƙasa ce a dunƙule, wadda tun da aka halicce ta ba wanda ya buɗe sai shi yau. Nan ya zauna daɓas a cikin kabarin ubansa. Abin da ya shiga ƙasa ba ta ƙofa ba, ai ba dabba ce ta ajiye shi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, me ka ja wa kanka?"

Ya yi tunanin ya fito ya ce a sake wuri. To a ce me ya faru? Kafin la'asar labari ya kai kasuwar Kunci cewa ƙasa ta ƙi Malam Khalilu, kuma kowa ya san wace ƙasa ce ta ƙi shi. 'Ya'yansa da jikokinsa sun sami sunan da ba zai goge ba. Ya yi tunanin ya yi shiru. To ya kwantar da mahaifinsa da hannunsa, fuska da fuska da wannan abu, ya jera itace ya rufe, ya tafi gida ya ci tuwo? Duk ta inda ya juya babu mafita.

Sai ya kama tsincewa. Ya tsince na ƙasa, ya sa bakin fartanya ya ƙwaƙulo na bango. Yana cire waɗannan waɗansu na leƙowa a bayansu, kamar bangon ba shi da ƙarshe. Ya ji ƙarar jarka daga nesa. Da sauri ya tura abin da ke hannunsa a aljihun gefe na rigarsa, ya damƙo jar ƙasa mai danshi ya shafe wurin, ya daddanna da tafin hannu.

Abba ya leƙo. "Mati, lafiya na ji ka shiru? Kai, ka ga fuskarka kuwa? Fito haka nan in ƙarasa."

"Na gama. Kada kowa ya ƙara shiga, ya yi daidai."

"Ƙasar ta yi daɗin haƙa?"

"Ta yi," in ji Mati, bai dube shi ba.

A hanyar gida ya so ya watsar da ƙwan. Amma a Tudun Marke ina ne babu ido? Nan wata na tsinkar rama, can wani na noman firi, kowa ya hango shi sai ya ajiye fartanya ya taho yi masa gaisuwa. Da ya sami wani lungu tsakanin shinge biyu har ya sa hannu a aljihu, sai wani tunani ya tsayar da shi. In abin nan na Baba ne, aka ajiye masa, to duk inda aka zubar ai zai ƙyanƙyashe ya nemi hanyarsa. Gara yana jin su a jikinsa ya san inda suke. Ya zare hannun ya ci gaba da tafiya, aljihu na dukan cinyarsa.

Ya tarar an gama wanka an sa likkafani. Mahaifiyarsa Hure ta aiko a kira shi ya yi sallama da uban. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, idanu sun kumbura, ta kama hannunsa.

"Mati, ka ga fuskarsa kuwa? Fes, kamar mai barci. Malam ya yi kyakkyawan ƙarshe, ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Inna."

"Wurin da aka samar masa fa, yana da kyau?"

Ya ce yana da kyau. Ya durƙusa gaban gawar ya kasa ɗaga hannu ya yi addu'a, don hannun dama na dafe da aljihu. A lokacin ne ya ji ƙwan sun yi ɗumi. Da ya tsince su sanyi ƙalau suke, yanzu kuwa ɗumi ne da su irin na ƙwan da aka ɗaga kaza daga kai. Mai hankali zai ce zafin cinyarsa ne, kuma shi ne. Amma je ka gaya wa mutumin da ubansa ke kwance a gabansa. Har ya rantse a ransa ya ji ɗaya ya motsa.

Mutum ɗaya ya so ya gani, ƙanensa Ikrima, wanda ya yi karatun duwatsu da ƙasa a jami'a, yake koyarwa a wata sakandare wajen Dawakin Tofa. Ba don yana tsammanin boko na da maganin wannan ba, sai don shi kaɗai ne zai ji ya rufa asiri. Amma Ikrima bai iso ba sai da aka fito da makara ana daidaita sahu. Ya diro daga babur ya yi alwala a gurguje ya shige gefen yayansa, ba damar ko gaisawa.

Kafin kabbara Liman, Malam Muhammadu Sani, ya juyo ya yi abin da aka saba. "Jama'a, zama da mutum sai da saɓani. Duk wanda marigayi ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe masa." Aka amsa da gunaguni, mun yafe, Allah ya yafe mana. Mati ya karkata kai yana neman Ɗanliti. Ya hango shi a sahu na baya, kai a sunkuye, gemu ya rufe bakin. Ko ya motsa leɓe ko bai motsa ba, Allah kaɗai ya sani.

Aka ɗauki makara. Tun suna fita daga gari hadari ya fara haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, mutane suka ƙara sauri. Da aka isa, masu leƙe suka leƙa, suka ga rami tsaf ba dutse ba ruwa, aka ji ana masha Allah. Mati da Ikrima da Abba suka sauka cikin babban ramin. Aka miƙo Malam Khalilu, Mati ya karɓi wajen kai. Ya sunkuya sosai don ya kwantar da shi a kan damansa ya fuskantar da shi gabas, idonsa na kan shafen da ya yi, yana roƙon Allah kada ya zube.

Shafen bai zube ba. Aljihun ne ya kife. Ƙwan suka zubo gaba ɗaya a kan farin likkafani, suka gangara ta kafaɗa, waɗansu suka taru a wuyan mamacin, waɗansu suka faɗa ƙasa suna ƙas-ƙas.

Waɗanda ke bakin rami suka ja da baya, na baya suka turo gaba. Wani ya ce a'uzubillahi. Wani can ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "Ƙwan maciji ne." Abba ya yi tsalle ɗaya ya fice daga ramin.

"Mati," in ji Liman, "mene ne wannan? Daga ina?"

Mati ya ɗago. Ya nuna bangon da yatsa. "A nan na same su, Malam. Ba ramin da ya kai wurin. Na ɓoye ne."

Ikrima ya tsuguna ya ɗauki ɗaya. Mutane suka yi ca, kai, kada ka taɓa! Ya jujjuya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi a haƙori. Ya ce a miƙo masa diga. Ya ɗora ƙwan a kan ƙarfen ya buga da ƙotar fartanya, sai da ya maimaita sannan ya dare biyu. Ba ruwa, ba ɗa, ba wari. Cikin a cushe yake da wani abu mai ƙyalli kamar gishiri. Ya sa hannu ya share shafen da Mati ya yi, ya kankare farar ƙasar, sai ga bayan wata ƙatuwar katantanwa a murɗe, ta zama ɗaya da bangon.

"Yaya, dutse ne," ya ce. Ya miƙe ya ɗaga ɓarin sama. "Jama'a, ku duba da idonku. Ƙwan dodon koɗi ne, irin manyan nan. Ga ɓawon irinsu nan a bango. Kwarin nan da kuke gani a bushe, wani zamani fadama ce mai laka, tun ba a kafa garin nan ba, tun ba a san za a yi Kano ba. Uwar ta binne su a laka ba su ƙyanƙyashe ba, ƙasa ta yi ta hawa kansu shekaru dubbai har suka koma dutse. Shi ya sa ba ku ga rami ba, ramin ya daɗe da shafewa. Fosil muke ce masa. Wallahi da wuya ake samunsu, don ɓawon ƙwai ba ya jure zamani, ni kaina a hoto kawai na taɓa..." Sai ya tuna a inda yake tsaye, ya haɗiye sauran.

Aka miƙa wa Liman ɓarin. Ya murza, ya sansana, ya ce, "Dutse ne kam. Dutse kuma ba ya shaidar kowa, na sha gaya muku. A tsince su a rufe bawan Allah, ga hadari."

Mati ya yarda da ƙanensa. Ya ga cikin ƙwan da idonsa, ya san ba abin da zai fito daga ciki har tashin duniya. Ya jira ya ji sauƙi, sauƙin bai zo ba. Abin ma sai ya ƙaru. Wato tun ba a haifi Baba ba, tun ba a haifi kakan kakansa ba, aka ajiye su a nan. Tsohuwar maƙabarta ta cika, dagaci ya zaga ya zaga bai sami fili ba sai wannan, duk tsofaffin garin suka ƙi mutuwa sai shi, kuma diga ba ta sauka ko'ina ba sai daidai fuskarsa. Ya dubi dutsen da ya rage a wuyan likkafani. Ikrima ya faɗi ko mene ne, amma bai faɗi abin da ya sa Mati ya gan shi ya tuna gona ba. A nan ya gane ashe tun safe ba surutun gari ne ya fi ba shi tsoro ba.

Ya miƙe tsaye a cikin ramin, kansa daidai gwiwoyin mutane, ya ɗaga murya.

"Baba Ɗanliti! Ina Baba Ɗanliti?"

Ikrima ya riƙe masa riga. "Yaya, me za ka yi? An ce maka dutse ne."

"Na ji. Sake ni." Mutane suka dare, tsohon ya matso yana dogara sanda. "Baba Ɗanliti, mahaifinmu ya ci maka iyaka. Ba shekara ɗaya ba, ba biyu ba. Ni na sani, kai ka sani. Don girman Allah ka yafe masa kafin a rufe shi."

Abin da ya yini yana ɓoyewa a aljihu, ga shi ya faɗe shi da bakinsa gaban duk mazan garin. Masu karatun rami ma kunya ta kama su, kowa ya sunkuyar da kai. Ɗanliti ya dubi likkafanin, ya juyo ga Mati.

"Mati, ni da Khalilu tare aka yi mana kaciya. Nawa na yafe, duniya da lahira." Ya numfasa. "Amma gonar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Gado ne ba a raba ba, kuma gefen da ake magana rabon ƙanena Basiru ne, Allah ya ji ƙansa. Ka san 'ya'yan da ya bari, babbarsu Maimunat ko sallah ba ta fara ba. Abin marayu ne. Ba ni da bakin yafe shi."

Mati ya juya ga Liman kamar wanda ruwa ke ci. Liman ya girgiza kai a hankali. "Gaskiya ya faɗa. Haƙƙin maraya ba a yafe shi a madadinsa, mayarwa ake yi. Ku magada sai ku mayar, Allah mai rahama ne. Amma gawa ba ta jira, a rufe shi."

Aka tsince duwatsun, Ikrima ya ƙulle su a hankicinsa. Aka jera itace, aka shimfiɗa ganye, aka toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Mati na kallon farin likkafani na ɓacewa tsakanin itace da itace har ya daina ganinsa. Aka ja shi waje aka tura ƙasa. Iska ta taso mai ƙanshin ruwa, aka yi tsawa can nesa, Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a da ɗan sauri.

Tun Mati na yaro yake jin malamai na cewa mamaci na jin takun masu binne shi in sun juya, kuma da sun tafi mala'iku masu tambaya ke zuwa. Aka shafa fatiha, mutane suka fara kakkaɓe riguna suna neman takalma. Ya ga ƙafar farko ta juya.

"Kada ku tafi!"

Aka tsaya ana kallonsa.

"Don Allah kada ku tafi. In kun tafi za a zo masa, kuma ƙasar yaran nan na wuyansa. Ku tsaya masa, ga gonar can a kan tudu kuna hango ta. Yanzu zan mayar in dawo. Malam, ka ce su tsaya!"

Liman ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi fuskar Mati, ya fasa. "Tsayuwa a kan kabari ana roƙa wa mamaci tabbata abu ne mai kyau," ya ce. "Wanda zai iya ya tsaya."

Mati ya fizgi fartanyar da aka yi haƙa da ita ya zura da gudu, ba takalmi. Ya tsallake aguwa, ya ratsa gonakin mutane yana tattaka shuka, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Ya isa kan iyaka yana haki. Layin gamba ya miƙe tun daga bakin hanya har ƙarshen gona, bai taɓa ganin tsawonsa ba sai yau. Ya kai wa gindin farko sara, saiwa ta riƙe, ya sa hannu biyu ya tumɓuke, ganyen ya yanke masa tafi. Ya ruga da shi cikin geronsu har daidai kututturen kalgo, ya haƙa ya dasa ya taka, ya dawo ya kama na biyu.

Ya waiwaya. Can a gangare fararen riguna na nan a cure. Ya ci gaba.

Yayyafi ya fara, manyan ɗigo masu zafin duka. Ya tumɓuke, ya ruga, ya dasa. Da ya sake waiwayawa curin ya ragu, ya hango waɗansu sun ɗora riga a ka sun nufi gari, tsofaffi ne da masu dabbobi a waje, ba wanda zai ga laifinsu. Ya yi ihu su tsaya, iska ta mayar masa da muryarsa. Bai ci ko sulusin layin ba.

Sai ruwan ya kece gaba ɗaya. Gangaren ya ɓace, aguwa ta ɓace, ko kututturen da ƙyar yake gani. Yanzu bai san ko akwai mutum a wurin ko babu ba. Yana sara yana kuka yana faɗin, Baba ka yi haƙuri, saura kaɗan, alhali ya san da saura da yawa. Ƙasa ta zama taɓo, fartanya na zamewa, jinin hannunsa na bin ƙota.

Ya ji sara a bayansa wanda ba nasa ba. Ya juya a firgice. Ikrima ne, jiƙe sharkaf, da diga a hannu, ya riga ya tumɓuke gindi ɗaya. A bayansa ga Abba da shebur. Mati bai yi murna ba. Ya yar da fartanya ya cakumi wuyan rigar ƙanensa.

"Kai ma ka taho? Kowa ya watse ko? Wa ka bari a wurin Baba?"

Ikrima ya share ruwa daga fuskarsa.

"Baba Ɗanliti. Ya zauna a ƙasa wajen kan kabarin, ya ce a gaya maka ka yi a hankali, ba inda za shi."